WAZIRI LISANUDDINI IBNUL KHAƊIB DA ANNOBAR SHEKARA TA 749

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar alƙalanci a ƙasar Hausa, da duk almajirin da ya yi nisa cikin fiƙihun Malikiyya, ya san littafin Tuhfatul Hukkami na Ibn Asim. A birnin Garnaɗa aka wallafa shi, can ƙasar Andalus, watau kudancin Sifen ta yau, kuma a wannan birni ne Imam Shaɗibi mai Muwafaƙatu ya yi zamaninsa. Garnaɗa ita ce daula ta ƙarshe da ta rage wa Musulmi a wannan yanki, bayan Ƙurɗuba ta faɗi a 1236, Ishbiliya kuma ta bi bayanta a 1248. 'Yar ƙaramar ƙasa ce, duwatsu a tsakiyarta, teku a kudancinta, abokan gaba kuwa sun kewaye ta, amma Allah ya tara mata malamai da mawaƙa da likitoci fiye da girmanta. A cikinsu babu wanda sunansa ya kai na wazirinta, Abu Abdullahi Muhammadu ɗan Abdullahi, wanda aka fi sani da Lisanuddini Ibnul Khaɗib. Masu nazarin adabin Larabci sun san shi da waƙa da tarihi da wasiƙun sarauta. Abin da wannan fili zai duba a wannan mako kuwa shi ne wani ɗan littafi nasa da bai wuce 'yan waraƙu ba, wanda ya rubuta a kan annoba, da kuma rayuwar da ta kai shi ga rubuta shi.

An haife shi a garin Lausha, yamma da Garnaɗa, a cikin watan Rajab na shekara ta 713 bayan Hijira, daidai da 1313 Miladiyya. Gidansu gidan Larabawa ne masu asalin Yaman, kuma sun sami wannan suna ne daga wani kakansu mai suna Sa'idu wanda ya yi limancin Juma'a da huɗuba a Lausha. Mahaifinsa ya koma Garnaɗa ya kama aiki a fadar sarakunan Banul Ahmar, saboda haka yaron ya tashi a inda ilmi yake a bakin ƙofa. Ya karanta Alƙur'ani da nahawu da fiƙihu wajen manyan malaman birni. Adabi da hikimar rubutun fada ya ɗauke su daga waziri Ibnul Jayyab, ilmin likita da falsafa kuwa daga Abu Zakariya Yahaya Ibn Huzail, likitan fada. Wannan haɗi na fiƙihu da likitanci da aikin mulki a ƙirjin mutum guda shi ne mabuɗin duk abin da zai biyo baya.

A shekara ta 1340 aka gwabza yaƙin Ɗarifa, inda rundunar Kastila da Fotugal ta karya haɗaɗɗiyar rundunar Garnaɗa da Magrib. Mahaifinsa da wansa duka sun kwanta dama a wannan fage. Yana da shekara 27 ya shiga cikin magatakardan Sarki Yusufu na Ɗaya, a ƙarƙashin malaminsa Ibnul Jayyab, ya yi shekara tara yana koyon yadda ake riƙe daula da alƙalami.

To, a cikin waɗannan shekaru ne bala'in ya taso daga gabas. Annobar ɗa'uni, wadda Turawa suka kira Baƙar Mutuwa, ta biyo hanyoyin fatake da na jiragen ruwa. A 1347 ta isa Iskandariyya da tsibirin Sisili, a 1348 ta game Misira da Sham da Tunis, ta kuma sauka a Almariyya, babbar tashar jiragen ruwa ta daular Garnaɗa. Alamominta ba su ɓuya: zazzaɓi mai zafi, sa'an nan kaluluwa ta kumbura a hammata ko a matsematsi ko bayan kunne, waɗansu kuma su yi ta tarin jini, wanda ya kai ga haka kuwa da wuya ya wuce kwana biyu ko uku. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa tsakanin sulusi da rabin mutanen Turai sun halaka a cikin shekara huɗu, kuma manyan biranen Musulmi ba su sami sauƙi fiye da haka ba. Ibn Khaldun, yana saurayi a Tunis, ya rasa uwa da uba da yawancin malamansa. Ibn Baɗuɗa ya tarar da ita a Dimashƙa, da ya koma gida Ɗanja kuma ya iske ta ɗauke mahaifiyarsa. Ba ta bar sarakuna ba: Alfonso na Sha Ɗaya, sarkin Kastila, wanda ya yi nasara a Ɗarifa, ita ta kashe shi a 1350 yana cikin yi wa Jabal Ɗariƙ zobe. A Garnaɗa, cikin Shawwal na 749, farkon 1349, ta ɗauke Ibnul Jayyab. Sarki ya duba bai ga wanda zai maye gurbinsa ba sai almajirinsa. Ta haka Ibnul Khaɗib ya zama shugaban magatakarda kuma waziri, a daidai lokacin da ake fita da gawarwaki daga birni ba dare ba rana.

Shekaru goma da suka biyo baya na ɗaukaka ne. An soke Sarki Yusufu da wuƙa yana cikin sallar Idin ƙaramar salla a 1354, ɗansa Muhammadu na Biyar ya gaje shi, ya ƙara wa wazirin girma, ya aike shi jakadanci Fas wajen Sarki Abu Inan. Aka yi masa laƙabi da mai wazirci biyu, na alƙalami da na takobi. Amma a cikin Ramadan na 760, watau 1359, aka yi juyin mulki cikin dare, aka kashe Ridwanu babban hadimin fada, sarki ya tsere, wazirin kuma aka kama shi aka ƙwace dukiyarsa. Da ceton fadar Fas aka sake shi, ya bi ubangidansa zuwa Magrib. Ya zauna a garin Sala, a bakin teku, kusan shekara biyu, can kuma matarsa ta rasu. Masana sun fi rinjayar da cewa a wannan tsakani, daga 1359 zuwa 1362, ya rubuta ɗan littafin nan da ya sa wa suna Muƙni'atus Sa'ili anil Maradil Ha'ili, watau amsa mai gamsar da mai tambaya game da cuta mai ban tsoro.

Ya kamata mai karatu ya san yadda likitocin wancan zamani suke ɗaukar annoba kafin ya gane inda Ibnul Khaɗib ya bambanta. Tun daga Jalinus har zuwa Ibn Sina, abin da aka tafi a kai shi ne iska ce take ɓaci, kamar yadda ruwa yake ɓaci a cikin tulu, wanda ya shaƙe ta kuma jininsa ya gurɓata. Ibnul Khaɗib bai fita daga wannan ba. Shi ma ya ambaci ɓacin iska, har ya ambaci tasirin taurari a matsayin sababi na nesa, kamar yadda 'yan zamaninsa suke yi. Bai san ƙwayar cuta ba, ba shi kuma da hanyar da zai san ta. Inda ya yi fice shi ne da ya daina kallon majinyaci ɗaya a kan shimfiɗarsa, ya ɗaga kai ya dubi gari ɗungurungum, ya shiga tambayar su wa suka mutu, su wa suka tsira, kuma mene ne ya raba tsakaninsu.

Amsoshin da ya tara sun isa a tsaya a kansu. Ya lura cewa mafi yawan waɗanda suka cuɗanya da mai cutar sun kamu, waɗanda ba su cuɗanya ba kuwa sun kuɓuta. Ya lura cewa cutar tana shiga gida ko unguwa ta hanyar riga ko ƙwarya, har ya kawo labarin ɗan kunne da ya halaka wadda ta saka shi, ya kuma share gidan baki ɗaya. Ya lura cewa a cikin birni tana somawa ne daga gida guda, sa'an nan ta kama masu jinya, daga nan maƙwabta da dangi da masu zuwa dubiya, har ta zama gobarar da ba ta kasuwa. Garuruwan bakin teku suna zaune lafiya, sai ranar da wani jirgi ya iso daga ƙasar da aka san akwai annoba, daga ranar kuma lissafin mutuwa ya soma. Bai tsaya ga waɗanda suka kamu ba, ya juya ga waɗanda suka tsira, domin hujja ba ta cika sai an dubi gefe biyu. A garin Sala akwai wani mai zuhudu da ake kira Ibn Abi Madyan, wanda ya yarda cewa cutar tana yaɗuwa, ya tara abinci, ya toshe ƙofar gidansa da gini, shi da iyalinsa masu yawa suna ciki. Gari ya kusa ƙarewa, amma ba a fitar da gawa ko ɗaya daga wannan gida ba. A Ishbiliya akwai dubban bayin yaƙi Musulmi da aka tsare a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa, ba mai shiga wurinsu ba mai fita, annoba ta ci birnin ta bar su. Haka kuma Larabawan ƙauye masu zama cikin tantuna a Afirka ta Arewa, inda iska take kaɗawa kuma cunkoso ya yi ƙaranci, labari ya tabbata cewa da yawansu sun kuɓuta.

Akwai tambayar da kowa yake yi a wancan lokaci, har yanzu ma ana yin ta: in dai cuta tana yaɗuwa, don me wani zai yi jinya ya wanke gawa ya binne, bai ko yi ciwon kai ba? Ya amsa da cewa jikuna sun bambanta wajen shirin karɓar cuta, kamar yadda wuta take saurin kama busasshen abu ta yi jinkiri a kan ɗanye, kuma tsirar mutum ɗaya ba ta rushe abin da aka gani a kan dubbai.

Wani abin da ya lura da shi, wanda ya fi kowanne kusa da abin da masana lafiyar jama'a suke faɗa a yau, shi ne annoba ta fi yi wa talakawa ɓarna. Ya danganta wannan ga ƙuncin gidajensu da cunkoso, da yawan cuɗanya da marasa lafiya da gawarwaki, da munin abinci, da rashin sanin yadda za a kiyaye kai. Abokinsa Ibn Khatima, likita kuma mawaƙi na Almariyya, wanda ya rubuta nasa littafin tun a 1349 yana tsakiyar bala'in, ya ba da shaida mai kama da wannan. Ya ce a Almariyya daga wata unguwar matalauta cutar ta soma, kuma a ranar da ta fi tsanani mutum 70 suka rasu. Ya kuma lura cewa 'yan kasuwar tsofaffin tufafi, masu sayen riguna da shimfiɗun mamata suna sayarwa, kusan dukansu sun mutu, alhali sauran 'yan kasuwa ba su fi sauran jama'a mutuwa ba. Ke nan tun a ƙarni na 14 waɗannan mutane biyu sun gane cewa sana'ar mutum, da unguwar da yake kwana, da abin da ke aljihunsa, suna cikin sabubban da Allah ya rataya lafiyarsa a kansu.

A nan ne maganar ta shiga hurumin malaman addini, kuma a nan ne take da nauyi. Akwai hadisi ingantacce da zahirinsa yake kore yaɗuwar cuta daga wani zuwa wani, har da labarin balaraben ƙauye da ya kawo misalin raƙumi mai ƙazuwa da yake shiga cikin lafiyayyu su kamu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye shi wanda ya sa wa na farkon. Akwai kuma waɗansu hadisai, su ma ingantattu, da suka hana mai raƙuma marasa lafiya ya kai su mashaya tare da lafiyayyu, suka yi umurni da nisantar kuturu, suka kuma hana shiga garin da ɗa'uni ya faɗa ko fita daga cikinsa. Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya juya da jama'arsa daga Sarg da ya ji annoba ta faɗa Sham, da Abu Ubaida ya yi masa magana a kan ƙaddara kuwa ya nuna masa cewa juyawar ita ma ƙaddarar Allah ce. A cikin wannan annoba ta Amwas, shekara ta 18 bayan Hijira, Amru ɗan Asi ya umurci mutane su warwatsu cikin duwatsu. Malamai tun da daɗewa sun yi ƙoƙarin haɗa waɗannan nassoshi. Ibnus Salah, alal misali, ya tafi a kan cewa abin da aka kore shi ne aƙidar jahiliyya ta cewa cuta tana tsallakawa da ikon kanta, amma Allah ya sanya cuɗanya ta zama sababi, in ya so ya zartar, in ya so ya hana.

Duk da haka, da yawa daga cikin masu fatawa na Andalus sun tsaya a kan kore yaɗuwa ɗungum. Ibn Lubb, babban mai fatawa na Garnaɗa kuma ɗaya daga malaman Shaɗibi, yana cikinsu. Bai kamata a ɗauke su jahilai ba, domin abin da suke tsoro abu ne na gaske. Suna tsoron kada a jingina wa wanin Allah tasiri, suna kuma tsoron abin da aka gani a garuruwa da yawa, inda ɗa ya gudu ya bar mahaifinsa yana ƙishirwa a ɗaki, gawa ta kwana ba mai wanka ba mai salla. Haƙƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa na dubiya da jana'iza ba abin wasa ba ne. Ko bayan shekara kusan tamanin Hafiz Ibn Hajar a Misira, wanda shi kansa ɗa'uni ya ɗauke masa 'ya'ya mata, ya rubuta Bazlul Ma'un bai yarda da yaɗuwa ba.

Ibnul Khaɗib bai yi musu da taushi ba. Ya kafa ƙa'ida cewa idan zahirin nassi ya ci karo da abin da ido ya gani, gwaji ya maimaita, labari kuma ya zo ta hanyoyi masu yawa da ba za su haɗu a kan ƙarya ba, to wajibi ne a yi wa nassin tawili, kamar yadda waɗansu magabata da suka tabbatar da yaɗuwa suka yi. Ya kawo hujja da hadisin raƙuma da kuma juyawar Sayyidina Umar. Sa'an nan ya ɗora alhakin rayuka masu yawa a wuyan masu fatawar da suka hana mutane kiyaye kansu, ko da yake ya yarda cewa ba da mugun nufi suka yi ba, ya kuma ce wasa da rayukan Musulmi saɓo ne. Harshensa ya yi kaifi fiye da yadda ya dace da maganar malamai, wannan kuwa hali ne da ya bi shi har kabari. Amma a kan ainihin mas'alar gaskiya tana wajensa, kuma abin da ya hango babba ne: kalmar da ta fito daga bakin mai fatawa ko ta sauko daga kan mumbari tana iya cika maƙabarta ko ta rage mata baƙi, daidai da yadda rijiya mai guba ko jirgi mai cuta yake yi. Shaɗibi, wanda yake saurayi a birnin a wannan lokaci, shi ne daga baya ya shimfiɗa bayani mai faɗi cewa kiyaye rai yana cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin ta tsare.

Shawarwarin da ya bayar masu sauƙi ne. A gyara iskar ɗaki, a kula da abinci, a nisanci wuraren da ake zaton cutar, da tufafin mai ita da ƙoransa, a rage shiga taro, wanda kuma larura ta sa ya kusanci majinyaci ya yi a gaggauce, ya tsaya ta inda iska take fitowa.

Sai bayan shekara fiye da 500 aka san abin da yake gani bai san sunansa ba. A 1894, a Honkon, likita Alexandre Yersin ya ga ƙwayar cutar a ƙarƙashin madubin likita, a 1898 kuma Paul-Louis Simond ya nuna a Karaci cewa ƙuma ce take ɗauko ta daga ɓera ta kai wa mutum. Da wannan aka fahimci sirrin kasuwar tsofaffin tufafi ta Almariyya, da sirrin jiragen ruwa masu ɗauke da hatsi da ɓeraye. Aka kuma gane cewa idan cutar ta sauka a huhu, watau mai sa tarin jini, tana bin numfashi kai tsaye daga mutum zuwa mutum, wanda shi ne abin da yake cinye masu jinya da masu dubiya. A yau ana warkar da ita da magungunan kashe ƙwayoyin cuta in an kama ta da wuri, ko da yake ba ta ƙare a duniya ba, domin ta tashi a Madagaska a 2017. Killace matafiya a matsayin dokar hukuma kuwa ya soma ne a birnin Ragusa na bakin tekun Adiriyatik a 1377, inda aka wajabta wa masu zuwa daga ƙasar annoba zaman kwana 30 a waje, shekara uku kacal bayan rasuwar Ibnul Khaɗib.

A 1362 Muhammadu na Biyar ya karɓe gadonsa, ya kira wazirinsa, ya danƙa masa ragamar mulki gaba ɗaya. A wannan zamani ne Ibn Khaldun ya zo Garnaɗa, aka karɓe shi hannu biyu, har aka aike shi jakadanci Ishbiliya, amma da wazirin ya ga baƙon yana ƙara kusanci da sarki sai fuska ta canza, Ibn Khaldun kuwa ya fahimta ya yi sallama. A wannan zamani ne kuma, daga 1365 zuwa 1367, sarki ya gina maristan na Garnaɗa, watau asibiti domin marasa lafiya matalauta daga cikin Musulmi, ya tsayar masa da waƙafi. Dutsen da aka rubuta tarihin ginin a kansa yana nan a gidan adana kayan tarihi na fadar Alhamra.

Wazirin yana fama da rashin barci, saboda haka rana ta zama ta aikin sarki, dare na rubutu, har aka yi masa laƙabi da mai rayuwa biyu. Littattafansa sun haura 60. Mafi girmansu shi ne Al'ihaɗa, tarihin Garnaɗa da mutanenta. A fagen likita ya rubuta Amalu Man Ɗabba Liman Habba a kan cututtuka da magungunansu, da kuma Alwusulu Lihifzis Sihhati fil Fusuli a kan kiyaye lafiya gwargwadon yanayin shekara. Wannan na biyun an gina shi ne a kan abubuwa shida da likitocin Musulmi suka ce lafiya tana tsaye a kansu, watau iska, da ci da sha, da motsi da hutu, da barci da farkawa, da fitar abin da ya kamata ya fita daga jiki, da halin da zuciya take ciki na fushi ko baƙin ciki ko murna. Ko a littafinsa na siffanta garuruwa, Mi'iyarul Ikhtiyar, idan ya gama yabon gari da saja'i mai daɗi sai ya juyo ya faɗi aibinsa, sau da yawa kuma aibin na ruwan sha ne, ko iska, ko ƙazantar hanyoyi. Idon likita bai bar shi ba ko yana cikin ado da magana.

Mai iko da yawa ba ya rasa mahassada, balle wanda ya tara dukiya kuma alƙalaminsa bai san sassauci ba. Manyan abokan gabansa biyu duka mutanen da ya ɗaga ne: Ibn Zamrak, almajirinsa, mawaƙin da baitocinsa suke sassaƙe a bangon Alhamra, da alƙalin alƙalai Annubahi. Da ya ga ƙasa tana zamewa a ƙarƙashinsa, sai a 1371 ya nemi izinin duba kan iyaka ta yamma, ya bi ta Jabal Ɗariƙ ya ƙetare teku, ya isa Tilimsan wajen Sarki Abdul'azizu na Banu Marin. Gudun ya ba maƙiyansa abin da suke nema. Aka tono littafinsa na sufanci, Raudatut Ta'arif bil Hubbis Sharif, aka ciro maganganu aka ce zindiƙanci ne, Annubahi ya yanke hukunci, aka ƙona littattafansa a Garnaɗa. Sarki Abdul'azizu ya ƙi miƙa baƙonsa, amma ya rasu a 1372. Waziri Ibn Gazi ya ci gaba da kare shi, har zuwa lokacin da Garnaɗa ta taimaki Abul Abbas Ahmad ya hau gadon Fas a 1374, kuma kan Ibnul Khaɗib yana cikin ladan taimakon.

Aka kama shi, Ibn Zamrak ya zo da kansa daga Garnaɗa, aka zaunar da majalisa aka karanta masa tuhuma, aka azabtar da shi a gaban jama'a, aka mayar da shi kurkuku malamai suna ta shawara a kan hukuncinsa. Kafin su gama, wani tsohon maƙiyinsa a fadar Fas, Sulaimanu ɗan Dawuda, ya tura 'yan ta'adda cikin dare suka shaƙe shi. Wannan ya faru a shekara ta 776, yana da shekara 61 a lissafin Miladiyya. Aka binne shi a maƙabartar Babul Mahruƙ. Da gari ya waye aka iske an tono gawar an cinna mata wuta a bakin kabari, gashi ya ƙone, fata ta yi baƙi, aka sake mayar da ita. Ibn Khaldun, wanda ya ba da wannan labari, ya ce mutane sun yi tir da wannan aika-aika. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.

An sha rubutawa a littattafan zamani cewa saboda maganarsa a kan yaɗuwar cuta aka kashe shi. Wannan ƙari ne da riwayoyin zamaninsa ba su goyi bayansa ba. Tuhumar da aka karanta masa a kan littafin sufanci ce da waɗansu maganganu da aka jingina masa, tushenta kuwa siyasa ce da tsohuwar gaba. Ibn Khatima ma ya rubuta abin da ya gani na kamuwar masu cuɗanya, ba wanda ya taɓa shi.

Ibn Zamrak ya gaji kujerar malaminsa, shi ma daga bisani aka kashe shi a cikin gidansa da umurnin sarki. Garnaɗa ta faɗi a 1492. A ƙarni na 17 Almaƙƙari na Tilimsan ya rubuta Nafhuɗ Ɗib, ya keɓe kashi na biyu na littafin gaba ɗaya ga rayuwar Lisanuddini da rubuce-rubucensa, ta nan ne kuma yawancin ɗaliban Larabci suka san shi. Ita kuwa Muƙni'atus Sa'ili ta tsira a rubutun hannu a ɗakin karatu na Eskoriyal, kusa da Madrid, har wani Bajamushe masanin Larabci mai suna Müller ya buga ta tare da fassara a birnin Munik a 1863, shekara 31 kafin a ga ƙwayar cutar a Honkon.